Gashi da ciwon dajin ido: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu fama da ciwon dajin ido, da iyayen yaran da ciwon ya kama, musamman idan likita ya ambaci gashi, wato maganin daji da haske mai ratsa jiki. Bayani ne domin ku shiga wurin likitanku da fahimta. Shawarar magani kuwa sai wanda ya duba idon.

1. Wane irin ciwon daji ne ke kama ido?

Ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin irinsa shi ne farkon komai, domin kowanne da yadda yake karɓar gashi. A wajen yara akwai retinobilastoma, wanda ke tsirowa daga tantanin gani da ke shimfiɗe a bayan ƙwayar ido. Yakan kama yaro ɗaya cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000, kuma kusan duka kafin shekara 5. Alamarsa ta farko ita ce wani fari da ke ƙyalli a tsakiyar baƙin ido kamar idon kyanwa da dare, ko kuma yaro ya fara harara-garke.

A wajen manya, ƙarin da ya fi tsirowa daga cikin ƙwayar ido shi ne melanoma. Ya fi kama fararen fata, ba a cika ganinsa a baƙar fata ba, amma a kansa aka yi mafi yawan binciken gashi, shi ya sa za ku ga sunansa da yawa a nan. Wanda ya fi addabar manya a ƙasashen Afirka kudu da Sahara shi ne dajin da ke fitowa a kan farin ido, yana da alaƙa da zafin hasken rana da kuma ƙanjamau. Sai limfoma, wato dajin fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, sai kuma dajin da ya baro mama ko huhu ya sauka a ido.

2. Me gashi yake yi wa ƙwayoyin ƙarin?

Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da DNA, wasu zarurruka biyu da suka murɗe da juna, kuma a jikinsu aka rubuta yadda ƙwayar za ta rayu ta kuma rabu biyu. Ƙari ba ya girma sai ta wannan rabuwa: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Hasken gashi yana ratsa nama ya tsinka waɗannan zarurruka. Wani lokaci kai tsaye yake bugunsu, amma kusan kashi biyu cikin uku na ɓarnar ta hanyar ruwan da ke cikin ƙwayar take zuwa: hasken ya farfasa ruwan, a samu wasu ɓarɓashi masu cin duk abin da suka taɓa, su kuma su auka wa DNA.

Ana auna gashi da ma'aunin da ake kira Gire. Gire 1 yakan tsinka zare guda a wurare kusan 1,000 cikin ƙwaya ɗaya, ya kuma tsinka zarurrukan biyu a tare a wurare kamar 40. Tsinkewar zare guda ba ta da wuyar gyara, domin ƙwayar tana duba ɗan'uwansa ta kwafa. Idan duka biyun suka tsinke a wuri ɗaya, nan ne matsala take, gyaran yakan zo da kuskure, a haɗa bakin da ba nasa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙwayar da aka yi wa haka ba ta cika mutuwa nan take ba. Tana nan tana ci tana numfashi, sai ranar da ta tashi rabuwa, sai abin ya gagara, ta mutu a nan, ko ta haifi 'ya'yan da ba za su iya ci gaba ba. Wasu kuma sukan tsaya cak, suna raye amma ba za su ƙara rabuwa ba har abada. Bayan haka gashi yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin, su riƙa toshewa a hankali cikin watanni.

3. An gama gashi, amma hoto ya nuna ƙarin yana nan. Maganin bai yi aiki ba ke nan?

Wannan tambaya ta fi kowacce tayar da hankali, kuma sau da yawa babu dalilin tashin hankalin. Ku tuna abin da aka faɗa a tambaya ta 2: ƙwayar tana mutuwa ne lokacin da ta zo rabuwa. Ƙarin da ƙwayoyinsa ke rabuwa da sauri yakan motse da sauri, mai nawa kuma yakan ɗauki lokaci. Kamar bishiya ce da aka sassaƙe ɓawonta zagaye: za ta yi kwanaki da ɗanyen ganye, mai wucewa ya ɗauka lafiyarta ƙalau, alhali ta riga ta mutu a tsaye.

Limfoma yakan narke cikin makonni. Retinobilastoma yakan motse cikin makonni zuwa 'yan watanni, sau da yawa ya bar wani farin dunƙule mai tauri kamar alli, ko tabo shimfiɗaɗɗe. Melanoma kuwa yana da nawa ƙwarai. Ana iya yin wata 3 ba a ga wani canji ba, wani ma yakan ɗan kumbura da farko, sannan ya riƙa raguwa har tsawon shekara 2 ko fiye. Da yawa ba sa ɓacewa gaba ɗaya, suna zama wani baƙin tudu da bai kai na da ba.

Don haka abin da likita ke nema a hoton sikanin shi ne kada ƙarin ya ƙaru. Yana auna kaurinsa da milimita, ya kwatanta da na zuwan baya. Idan ya tsaya ko yana raguwa, an yi nasara. Idan ya ragu sannan ya fara tasowa, ko gefensa ya fara cin gaba, wannan ne abin damuwa. A melanoma, gashi yana tsayar da ƙarin a cikin ido ga fiye da mutum 9 cikin 10.

4. Me ya sa wani ƙari ke jin gashi, wani kuma yana da taurin kai?

Bambancin yana da girma. Limfoma mai tafiya a hankali yakan wadatu da Gire 24, wani lokaci ma ana gwada Gire 4 kacal a zama biyu, domin ƙwayoyinsa suna da saurin kashe kansu da zarar DNA ya lalace. Retinobilastoma yakan buƙaci 40 zuwa 45. Melanoma kuwa, wanda ƙwayoyinsa suka iya gyara, sai an kai kimanin Gire 85 a ƙololuwar ƙarin idan da faifan da ake ɗinkawa a jikin ido ake yi (duba tambaya ta 6), gindinsa kuma yakan sha ninkin haka.

Iskar oksijin ma tana da hannu. Ita ce ke tabbatar da ɓarnar da gashi ya yi, ta hana a gyara ta. Ƙwayar da ke zaune inda jini ba ya isa sosai tana iya jure gashi ninki biyu da rabi zuwa uku. Babban ƙari yakan girma ya fi ƙarfin jijiyoyinsa, tsakiyarsa ta rasa iska, ga kuma yawan ƙwayoyin da sai an kashe su duka. Shi ya sa girman ƙari a ranar da aka zo asibiti yake yanke hukunci fiye da kyan injin.

5. Me ya sa ake rarraba gashin kullum-kullum? Laifi ne in yi fashi?

Da injin waje, wato wanda ke haska gashi daga wajen jiki, ana ba da kimanin Gire 2 a rana, kwana 5 a mako. Tazarar da ke tsakani tana ba lafiyayyen nama damar gyara kansa, kuma ya fi ƙari iya wannan gyara. A lokaci guda, ƙwayoyin ƙari da suka tsira jiya saboda suna matakin da gashi ba ya cin su sosai, yau sun matsa zuwa matakin da yake cin su. Waɗanda ke tsakiya kuma suna fara samun iska idan na gefe sun mutu.

Fashi yana da illa. Ƙwayoyin da suka rage ba sa jira, suna ci gaba da rabuwa, a wasu nau'ukan daji ma sukan ƙara sauri bayan 'yan makonni da fara magani. Hutun Asabar da Lahadi an riga an sa shi cikin lissafi, amma na mako guda don biki ko girbi ba ya ciki. Idan inji ne ya tsaya, ko kuɗi suka yanke, ku gaya wa likitan gashi da wuri don ya sake lissafi ko ya tura ku wata cibiya.

6. Ta wace hanya ake kai gashin cikin ido?

Hanya ta farko ita ce faifai. Ɗan ƙaramin faranti ne mai lanƙwasa, faɗinsa daga kamar milimita 12 zuwa 22, ana ɗinke shi a bayan farin ido daidai saitin ƙarin, a bar shi kwana 3 zuwa 7, sannan a sake ƙaramar tiyata a cire. Wani yana ɗauke da ƙwayoyin aidin-125 a cikin kwanon zinare, zinaren yana tare hasken kada ya koma baya. Likitocin birnin Cape Town na cikin waɗanda suka fara amfani da shi a shekarun 1970. Wani kuma rutiniyom-106 ne, wanda Peter Lommatzsch ya kawo a Jamus ta Gabas a shekarun 1960. Haskensa ba ya nisa, don haka ya dace da ƙarin da kaurinsa bai wuce kamar milimita 5 zuwa 6 ba. Hikimar faifai ita ce ƙarfin hasken yana faɗuwa da sauri da zarar an ɗan yi nesa da shi.

Ta biyu ita ce furoton, gashi da wasu ƙananan ƙwayoyin zarra da inji ke harbawa, wanda aka fara yi wa ido a Boston ta Amurka a 1975. Furoton yana shiga nama ya sauke mafi yawan ƙarfinsa a zurfin da aka ƙayyade masa, ya tsaya nan, ba ya zarcewa. Ana ɗinka wasu ƙananan zobba na ƙarfe a kewayen ƙarin don saiti, sannan a yi zama 4 ko 5. Ya fi amfani ga ƙarin da ke dab da jijiyar gani ko wanda ya fi ƙarfin faifai.

Ta uku ita ce injin waje, irin wanda ake yi wa sauran sassan jiki da shi. Shi ake amfani da shi ga limfoma, da dajin da ya zo daga wani wuri, da wanda ya fita daga ƙwayar ido ya shiga kwarminsa. Ga dajin farin ido kuma, bayan an yanke tsiron, wasu cibiyoyi suna ɗora wani ɗan ƙarfe mai sitirontiyom-90 a wurin na 'yan mintoci don ya kashe abin da wuƙa ta bari.

7. Akwai zafi? Kuma zan iya cutar da iyalina?

Lokacin da inji ke aiki ba a jin komai. Babu wuta, babu ƙuna. Ɗumin da Gire 2 ke sa wa nama bai kai kashi ɗaya cikin dubu na digiri ɗaya ba. Jan fata da ƙaiƙayi sukan biyo baya ne bayan mako 2 ko 3. Wanda aka yi wa da injin waje ko furoton ba ya ɗauke da komai a jikinsa, yana iya cin abinci da iyalinsa, ya ɗauki jariri a ranar. Mai faifai ne kawai ake taƙaita wa baƙi, musamman yara da masu juna biyu, muddin faifan yana jikinsa. Da an cire, shi ke nan. Faifan kansa yakan sa ido ya yi nauyi da ciwo, amma maganin ciwo yana isa.

8. Tsakanin cire ido da gashi, wanne ya fi tsare rai?

A melanoma an amsa wannan da babban bincike. A Amurka da Kanada an ɗauki mutum 1,317 masu matsakaicin ƙari, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: an cire wa wasu ido, an sa wa wasu faifan aidin-125. Sakamakon da aka fitar a 2001, da wanda ya biyo bayan shekara 12 ana bibiya, bai nuna bambanci a tsawon rai ba. Tun daga nan gashi ya zama zaɓin farko ga irin wannan ƙari.

Amma kada a ɗauki wannan a ɗora a kan kowane ciwo. Idan ƙari ya cika ido, gani ya tafi, ko ido yana ciwo saboda hawan jininsa, cirewa ta fi. A retinobilastoma da ya yi nisa a ido ɗaya, cire idon shi ne abin da ke ceton ran yaro, kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa. Na san babu uwa ko uban da wannan magana ba ta yi wa nauyi. Amma idon da ƙari ya cika ba ya gani, ba kuma zai sake gani ba, kuma barinsa yana ba ciwon hanya ta jijiyar gani zuwa ƙwaƙwalwa. Yaran da aka gudu da su daga asibiti don tsoron tiyata sukan dawo da ido a waje, lokacin da zaɓi ya ƙare. Idon roba kuwa, idan an yi shi da kyau, sai an faɗa wa mutum yake ganewa.

9. Tunda retinobilastoma yana jin gashi, me ya sa likitoci ke jan ƙafa wajen yi wa yara?

Shekaru da dama gashin waje shi ne babban maganin da ke ceton idon waɗannan yara, kuma ya yi aiki. Sai da suka girma aka ga kuɗin da aka biya. Kimanin yara 4 cikin 10 masu wannan ciwo suna da lahani a wani sashen gado da ake kira RB1 a dukkan ƙwayoyin jikinsu. Duk yaron da ciwon ya kama idanunsa biyu yana cikinsu. Aikin RB1 shi ne taka wa ƙwaya birki. Kowa yana da guda biyu, su kuwa waɗannan yara da ɗaya aka haife su. Idan gashi ya lalata ɗayan da ya rage a ƙwayar ƙashi ko tsoka da ke kusa da ido, sabon daji yana iya tasowa bayan shekara 10, 20 ko fiye. Haɗarin ya fi yawa idan an yi gashin kafin yaro ya cika shekara 1. Ƙari a kan haka, ƙashin fuska da ya sha gashi ba ya girma daidai, gefen yakan lotsa.

Saboda haka tun daga shekarun 1990 aka koma ga allurar kemo don ƙarin ya motse, sannan a ƙarasa shi da leza, ko daskarewa, ko faifai, wanda haskensa ba ya kai wa ƙashi sosai. Gashin waje bai fita daga layi ba. Idan ciwon ya shiga kwarmin ido, ko aka sami ƙwayoyinsa a bakin jijiyar da aka yanke, ana buƙatarsa, kuma a nan amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa nesa ba kusa ba. Wannan yanayi ya yi yawa a wajenmu saboda jinkiri. Wani bincike da ya tattara yara sama da 4,000 daga ƙasashe kusan 150 ya nuna cewa bayan shekara 3, kusan duk yaran ƙasashe masu arziki suna raye, amma a ƙasashe matalauta waɗanda suka rayu ba su kai 6 cikin 10 ba.

10. Zan ci gaba da gani da idon?

Ya danganta da inda ƙarin yake, fiye da komai. Wanda ke gefe, nesa da jijiyar gani da tsakiyar tantanin gani, yakan bar gani mai kyau. Wanda ke manne da su, babu yadda za a kashe shi ba tare da sun sha nasu rabon ba. A binciken da aka ambata a tambaya ta 8, bayan shekara 3 kimanin mutum 43 cikin 100 na masu faifai ganinsu a wannan ido ya yi rauni ƙwarai. Tsira da ido daban, tsira da gani daban, kuma ya kamata a faɗa wa mutum haka tun kafin a fara.

Lafiyayyen nama ma a hankali yake nuna ɓarnarsa, bisa dalilin da aka bayyana a tambaya ta 3. Yanar ido takan fito bayan shekara 1 zuwa 3, domin madubin ido na cikin sassan jiki mafi rauni ga gashi, amma tiyatarta sananniya ce. Bushewar ido da zubewar gashin bakin fatar ido sun fi zuwa da injin waje ko furoton. Mafi wuya ita ce lalacewar jijiyoyin jinin tantanin gani, wadda kan fara daga wata 6 zuwa shekara 3: suna yoyo, suna toshewa, wani lokaci sababbi marasa kyau su tsiro su jawo hawan jinin ido mai ciwo. Allurar da ake yi a cikin ido, irin su Avastin, tana rage kumburin, ta tsare gani ga mutane da yawa idan an fara da wuri. Mai ciwon suga ya fi shiga wannan haɗari, don haka riƙe suga da hawan jini wani ɓangare ne na maganin.

11. Ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Gashi ko tiyata ba za su sa ya bazu ba?

Ba sa sa shi ya bazu. Abin da ya haifi wannan magana a fili yake: mutum yana zuwa asibiti bayan ciwo ya riga ya yi tafiya a ɓoye, a yi aiki, bayan 'yan watanni abin da ke ɓoye ya bayyana, sai a ɗora wa wuƙa ko inji laifi. Melanoma misali ne mai kyau. Yana tafiya ta jini, ya fi sauka a hanta, kuma ƙwayoyinsa kan bar ido tun kafin a gano ƙarin, su kwanta shiru shekaru. Gashi yana aiki ne kawai a inda aka saita shi, ba ya bin waɗanda suka riga suka fita. Shi ya sa ake ci gaba da duba hanta ko da ido ya lafa. Watannin da ake ɓatawa wajen ɗiga ruwan sassaƙe ko nono a ido, su ne ke ba ciwon lokaci.

12. A ina ake samun wannan magani?

Matakin farko likitan ido ne, shi zai tantance ciwon ya tura ku gaba. A arewacin Najeriya akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa. Sassan gashi akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar, cibiyar yaƙi da ciwon daji da ke Yamai ta buɗe sashen gashi a 2021. A Gana akwai Korle Bu a Akara da Komfo Anokye a Kumasi. Ku tabbatar da ranar da za a karɓe ku kafin ku kama hanya.

Babu cibiyar furoton a Najeriya ko Nijar, faifai ma an fi samunsa a ƙasashe irin su Indiya, Masar da Afirka ta Kudu. Kafin ku sayar da gona don tafiya waje, ku tambayi likita ko ciwonku yana cikin waɗanda ke buƙatar su. Dajin farin ido, limfoma da mafi yawan retinobilastoma ana iya maganinsu da abin da ke gida.

13. Bayan an gama, me ya rage mana?

Bibiya. Da farko duk wata 3 zuwa 6, daga baya a tsawaita, kuma ba a dainawa don mutum yana jin sauƙi, domin dawowar ƙari da illolin tambaya ta 10 duk ba sa fara da ciwo. Ku adana takardar da ke nuna nau'in gashin, adadin Gire da ranakun da aka yi, saboda idon da ya sha gashi sau ɗaya ba a cika iya maimaita masa cikakken adadi ba, kuma duk likitan da zai gan ku nan gaba zai nemi wannan bayani.

Ga yaro mai retinobilastoma, ana duba ɗaya idon akai-akai, sau da yawa sai an sa shi barci, har ya kai shekara 5 zuwa 7. Ƙannensa ma a kai su a duba tun makonnin farko na haihuwa, ba sai an ga fari a ido ba. Idan nasa irin na gado ne, kowane ɗa da zai haifa nan gaba yana da damar rabi-da-rabi ta gadon lahanin, don haka a gaya masa idan ya yi hankali. A guje masa hoton da ke amfani da haske mai ratsa jiki idan akwai madadinsa, a hana shi taba, kuma duk kumburi ko ciwon ƙashi da ya wuce mako 2 a kai shi asibiti tare da takardunsa.